Kafin ka sayi na'urar GPS: shawara ga mutanen Agye, Gazawa da Gidan Rumji

 Duk wanda ke bin ƙauyukan jihar Maradi bayan an cire amfanin gona ya san wannan hoto: mutane tsaye a bakin gona, mai gari na nan, maƙwabta na nan, ga kuma wani ma'aikaci riƙe da ƴar na'ura mai kama da salula, yana tafiya a hankali bisa iyaka, yana tsayawa a kowace kusurwa yana danna maɓalli. Wannan na'ura ita ce GPS. A da sai a hannun Turawan furoje da injiniyoyin rijiyoyi ake ganinta. Yau ƙungiyoyin manoma, ƙungiyoyin makiyaya, masu gina rijiyoyin burtsatse, ƴan gandun daji, har da direbobin da ke shiga ƙauye ɗaukar gero da wake, kowa na tambayar wacce zai saya. Masu sauraronmu ma a rediyo sukan kawo tambayar: ta hannu ta fi ko ta mota, ko kuwa salula ta isa?

Amsar ta dogara ga aikin da mutum zai yi da ita. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne domin masu hawan duwatsu da masu tuƙi cikin manyan birane na Turai da Amurka, inda kowane titi ke da suna, kowane gida ke da lamba. Mu a nan buƙatarmu daban ce. Abin da ya fi damunmu shi ne iyakar gona, faɗin burtali, wurin rijiya da mashaya, da hanyar komawa idan dare ya yi cikin rairayi. Wanda ya sayi na'ura bai yi la'akari da wannan ba, ya zuba kuɗinsa a rijiya.

Yadda abin yake aiki

GPS tsari ne na taurarin ɗan adam mallakar ƙasar Amurka, sojojinta ne suka ƙirƙiro shi. An harba tauraro na farko a shekarar 1978, tsarin kuma ya kammala da taurari 24 a 1995. Yanzu masu aiki sun kai wajen 30, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowane ɗaya yana zagaya duniya sau biyu a yini. Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, kuma ba ya daina aiko da saƙo ɗaya: ga inda nake, ga lokacin da na yi magana. Na'urar da ke hannunka tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisan da ke tsakaninta da tauraron. Idan ta ji taurari huɗu ko fiye, sai ta haɗa lissafi ta faɗa maka inda kake.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai saye ya fahimta tun daga nan. Na farko, na'urar saurare kawai take yi, kamar akwatin rediyo. Ba ta buƙatar rezo, ba ta cin kati, kuma ba a biyan ko dala don jin taurarin. Na biyu, tunda ba ta aika saƙo, ba za ta kira maka taimako ba idan mota ta lalace a daji. Za ta gaya maka inda kake, amma sai ka sami wata hanyar gaya wa wani. Na uku, tana buƙatar ganin sararin sama. Hazo da gajimare ba su cika damunta ba, amma rufin kwano, katanga mai tsawo da inuwar itatuwa masu duhu suna rage mata ji.

Har zuwa watan Mayu na shekarar 2000, Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, ta yadda kuskure kan kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ne ya ba da umurnin a daina. Tun daga lokacin na'urar hannu mai kyau, a fili, takan kuskure da mita 3 zuwa 5 kawai. Wasu ƙasashe ma sun kafa nasu tsarin: Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo wanda ya fara aiki a 2016, Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. Na'urorin yanzu sukan ji biyu, uku ko duka huɗun, ko da yake bakinmu ya saba da kiransu GPS gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa batun ya shafe mu

Ƙidayar jama'a ta 2001 ta sami mutum miliyan 2 da dubu 200 da ɗoriya a jihar Maradi. Ta 2012 ta sami miliyan 3 da dubu 400. Mutane sun ƙaru, ƙasa kuwa tana nan yadda take. A kudancin jihar, daga Tibiri da Cadakori zuwa Cadawa, Agye, Gazawa da Gangara, da wuya ka ga saura. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ne suka raba ta. Iyakokin da aka gada kuwa, ko layin gamba ne, ko shingen aguwa, ko wani gawo da kowa ya sani. Gamba ana tumɓuke ta, aguwa tana mutuwa, icce yana faɗuwa, dattijon da ya san wurin shi ma yana komawa ga Mahaliccinsa. Garma ta ci taki ɗaya bana, ta ci taki ɗaya baɗi, kafin shekara goma burtalin da garke ke wucewa a sake ya zama ƴar siririyar hanya. Ranar da dabbobi suka dawo daga arewa suka tarar da hanyarsu ta toshe, sai su faɗa gona, sai rigima.

Mutanen gundumar Gidan Rumji ba sa buƙatar a tuna musu inda irin wannan rigima ke kai al'umma. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a Toda ya ci rayuka sama da 100, akasarinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye mu da sake ganin irinsa.

Ba da daɗewa ba ƙasa ta sami dokar da ta shimfiɗa tsarin mallakar filayen karkara, wato doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda aka fi sani da Code Rural. Daga cikinta aka sami kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo: na gunduma ƙarƙashin prefe, na komin ƙarƙashin shugaban komin, da na ƙauye ko ruga ƙarƙashin mai gari ko arɗo. A ranar 20 ga Mayu 2010 aka ƙara da doka mai lamba 2010-029 game da kiwo, wadda ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. A tsakanin nan furoje irin su PASEL, da ƙasar Suwis ta tallafa wa, sun yi aikin shata burtula da dasa turakun siminti a jihar Maradi. A Agye kuma furojen PPILDA, wanda asusun FIDA ya tallafa wa kuma ya fara aiki a 2005, ya yi gwajin auna gonakin ƙauyen Ɗan Saga ɗaya bayan ɗaya a gaban masu su da maƙwabtansu, domin a ba kowa takardar shaida.

Turken siminti ana iya tuge shi cikin dare a matsar da shi. Lambobin wurin da aka dasa shi, idan an rubuta su a rajista, suna nan inda aka bar su. Wannan shi ne babban amfanin GPS a ƙasarmu, kuma da wannan ma'auni ya kamata a zaɓe ta.

Iri uku ne a kasuwa

Iri na farko ita ce ta hannu, mai kauri, mai jikin roba, wadda aka yi domin tafiyar ƙasa. Kamfanin Garmin na Amurka ne ya fi yin suna a nan, kuma da yawa daga cikinmu mun san ƴar rawayar nan eTrex da ma'aikatan furoje ke ratayawa a wuya. Samfurin eTrex 10, 20 da 30 sun fito a 2011, daga baya 22x da 32x suka biyo a 2019. Akwai kuma manyan yayyensu masu eriya a ka, jerin GPSMAP: 64, 65 da 67. Game da kuɗi, lokacin da eTrex SE da GPSMAP 67 suka fito a 2023, kamfanin ya sa wa ta farko dalar Amurka 150, ta biyu kuma 500. Kafin su iso Maradi sai a ƙara kuɗin dako da na duwan da ribar ɗan kasuwa.

Iri na biyu ita ce ta mota, mai faɗin fuska, wadda ake mannawa a gilashi, tana magana tana cewa bi dama, bi hagu. Garmin da TomTom ne suka shahara da ita. Batirinta ba ya jimawa idan an cire ta daga wutar mota, ba ta son ruwa, ba ta son faɗuwa, kuma amfaninta duka ya rataya ne ga taswirar da ke cikinta.

Iri na uku ita ce wadda ke aljihun mutane da yawa ba su sani ba: salula ta zamani. Kusan kowace irin wannan waya tana da GPS a ciki, kuma yana aiki ko babu rezo. Abin da ke buƙatar intanet shi ne sauko da taswira, kuma ana iya yin wannan sau ɗaya a gari a ajiye. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna ba da taswirar Nijar gaba ɗaya daga OpenStreetMap, wato taswirar da masu aikin sa kai ke zanawa. Google Maps ma yana barin mutum ya ajiye yankin da yake so.

A taƙaice: wanda aikinsa awon gona ne, bin burtali, ƙidayar rijiyoyi ko sintiri a dazuzzuka irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado, ta hannu ce tasa. Wanda tuƙi kawai yake yi, salula mai taswira a ciki ta ishe shi. Ta mota zalla ita ce ta ƙarshe da zan ba mutumin wannan yanki shawarar ya saya, kuma za mu ga dalili a gaba.

Abin da za a duba a ta hannu

Batir shi ne farko. A ƙauyen da babu wutar Nigelec, na'urar da ke cin pil biyu irin na ƙaramar tocila, wato AA, ta fi wadda batirinta ke like a ciki, domin idan ya ƙare sai a canza a ci gaba da aiki. Kamfanin ya ce eTrex 10 kan yi awa 25 da pil biyu, GPSMAP 64 kuma awa 16. Amma wannan lissafi da pil mai kyau aka yi shi. Masu arhar nan da ake zubawa a faifai ranar kasuwa ba sa jimawa, kuma idan aka manta su a ciki sukan zubar da ruwa su cinye ƙarafan na'urar. Ƙungiyar da ke da faifan sola gara ta sayi pil masu caji guda huɗu ko shida da abin cajinsu. GPSMAP 67 batirinta a ciki yake, yana daɗewa ƙwarai, amma ranar da ya mutu ba a kantin ƙauye za a sami madadinsa ba.

Na biyu, maɓallai. Fuskar da ake shafawa da yatsa tana da kyau a ofis. A gona, hannu da gumi da ƙura, rana tsaka, maɓallin da ake dannawa a ji ya shiga ya fi aminci.

Na uku, a fita da na'urar waje a duba fuskarta cikin rana kafin a biya. Na'urorin hannu na ƙwarai suna ƙara fitowa sarai idan rana ta haske su, saɓanin salula da sai an kai haskenta ƙarshe, abin da ke shanye batir ya kuma sa ta zafi.

Na huɗu, ruwa da ƙura. Za ka ga an rubuta IPX7 a kwali. Ma'anarsa na'urar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30. Harafin X ɗin kuwa na nufin ba a ba ta maki kan ƙura ba. Don haka a riƙa rufe murfin ramin waya da na batir da kyau, a kuma ajiye ta cikin jaka lokacin hunturu da guguwar farkon damina.

Na biyar, a tabbatar tana lissafin faɗin fili. Wannan shi ne aikin da zai sa ka zagaya gona da ƙafa, ka dawo inda ka fara, ta ba ka adadin hekta. A ce wa mai sayarwa ya nuna shi a gabanka, a zagaya ko filin ƙwallo ne. A duba kuma ko tana iya tsayawa wuri ɗaya ta ɗauki awo da yawa ta fitar da matsakaicinsu, domin wannan na rage kuskure a kusurwoyi.

Na shida, yawan taurarin da take ji. Wadda ke haɗa GPS da GLONASS ko Galileo ta fi saurin kamawa kuma ta fi riƙewa ƙarƙashin itatuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne yanzu da gonakin Agye da Gazawa suka cika da gawo, kalgo da aduwa saboda sassaben zamani, balle cikin goruba da kabar Gulbin Kaba. Sababbin samfura irin su GPSMAP 65 na 2020 suna jin saƙo ta zango biyu, abin da ke ƙara daidaito. Wasu salula ma tun 2018 suna da wannan. Amma kar a biya ƙarin kuɗi don an ga WAAS ko EGNOS a kwali: na farko domin Arewacin Amurka aka yi shi, na biyu domin Turai.

Na bakwai, hanyar fitar da abin da aka ajiye. Na'urar da ba a iya haɗa ta da kwamfuta ko salula a kwashe wuraren da aka ɗauka, ranar da ta ɓace ko ta faɗa rijiya aikin shekara ya tafi da ita.

Mita uku ba wasa ba ne

Mai sayarwa zai ce maka na'urarsa ba ta kuskure. To, ga lissafi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 tsawo, 100 faɗi. A ce awon ya zarce da mita 3 ta kowane gefe, sai ya zama 106 sau 106, wato 11,236. An ƙara wa gonar kashi 12 cikin 100 ke nan. Idan gonar rubu'in hekta ce, mita 50 sau 50, kuskuren iri ɗaya zai mai da 2,500 ya zama 3,136, ƙarin kashi 25 cikin 100. A gaskiya kuskuren ba ya cika karkata gefe ɗaya haka, wani yakan goge wani, amma darasin a fili yake: gwargwadon ƙanƙantar fili, gwargwadon girman ɓarnar kuskure. Don haka ƴan fadamun Gulbin Maradi wajen Tibiri, masu ƙananan lambuna, da masu filin gida a gari, igiyar awo ta fi musu GPS ta hannu. Masu awon filaye na hukuma suna da manyan na'urori masu tsada da ke kai daidaiton santimita, kuma ba su ne muke magana a kai ba.

Haka kuma idan rigimar maƙwabta a kan kunya biyu ce ko uku, na'urar hannu ba za ta raba ta ba, tunda kuskurenta ya fi abin da ake jayayya a kai faɗi. Inda take da ƙarfi shi ne a babban abu: burtalin da aka ci rabinsa, makiyayar da aka mai da gona, turken da aka ɗauke aka kai nesa.

Ana rage kuskure da ƴan dabaru masu sauƙi. A kunna na'urar a fili a bar ta minti biyar kafin a fara. A riƙe ta sama da ƙirji, kar a rufe kanta da tafin hannu. A tsaya aƙalla minti ɗaya a kowace kusurwa. A zagaya gonar sau biyu, in sakamakon ya sha bamban ƙwarai a sake na uku. A fi son aikin safe, domin a ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya sararin sama na can ƙoli yakan rikita saƙon taurari bayan faɗuwar rana.

Lambobi iri-iri ne, a yi hattara

A nan ne masu ilimi ma ke tuntuɓe. Na'urar na iya rubuta wuri ɗaya ta hanyoyi da dama. Birnin Maradi, misali, yana wajen digiri 13 da minti 30 arewa, digiri 7 da minti 6 gabas. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba. Saboda haka digiri 13 da minti 30 daidai yake da 13,50 idan an rubuta shi da waƙafi. Sakataren da ya kwafe shi a matsayin 13,30 ya kawar da wurin da kashi biyu cikin goma na digiri, kuma tunda digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne, ya jefa rijiyar ko gonar kilomita 22 kudu da inda take. Haka nan yawan lambobin bayan waƙafi: biyar suna nuna wuri da daidaiton kusan mita 1, uku kuwa mita 100 da wani abu. Wanda ya yanke biyun ƙarshe don takarda ta yi masa kaɗan ya ɓata aikin.

Akwai kuma tsarin UTM, mai ba da lambobi da mita, wanda masu awon fili suka fi so. Gundumomin nan uku duka suna cikin yanki na 32P. Wanda ya yi yamma ya wuce layin digiri 6, wajen Madawa da Ƙonni, ya shiga yanki na 31, lambobin kuma za su sauya gaba ɗaya.

Shawara ita ce a saita na'ura bisa ma'aunin WGS 84, a tambayi sakataren Kofo na gunduma irin rubutun da suke amfani da shi a rajistarsu, a bi shi, a kuma rubuta sunan tsarin a saman kowane shafi. Wanda ke gwada lambobinsa da tsofaffin taswirorin zamanin Faransawa ya sani cewa an zana su bisa wani ma'auni daban, don haka za a ga tazara. Hukumar taswira ta ƙasa, IGNN, ita ce ke da ta cewa a wannan fanni.

Cikin mota

Babbar hanya ta ɗaya, RN1, ita ce ta ɗinke yankin: daga Gidan Rumji, kimanin kilomita 50 yamma da Maradi, ta wuce Cadawa, ta kai Agye kimanin kilomita 80 gabas, ta bi Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram. A bisa wannan kwalta babu direban da ke buƙatar na'ura ta nuna masa hanya. Buƙatar tana farawa ne inda kwalta ta ƙare, kuma daidai nan ne taswirar cikin na'urorin mota ke yin fari fat. Wanda ya sayo ta mota daga Faransa ko Beljiyam, galibi taswirar Turai ce a cikinta. A nan za ta nuna ɗigo a tsakiyar fili babu komai kewaye da shi.

Ko taswirar da ta san ƙauyukanmu tana da nata matsaloli. Sunayen da rubutun Faransanci suke: Aguié, Gazaoua, Tchadoua, Guidan Roumdji. Wanda ya rubuta Gidan da Hausa ba zai sami komai ba sai ya sa Guidan. Ga kuma ƙauyuka masu suna ɗaya, Sabon Gari nawa, Gidan wane nawa, Ɗan wane nawa. Idan ba a duba komin ɗin ba, na'ura za ta kai mutum wata gunduma. Sannan taswira ba ta san damina ba. Hanyar da ta nuna a matsayin mafi kusa wataƙila ƙorama ta yanke ta a watan Agusta, ko an shuke ta da gero, ko rairayinta sai mota mai jan ƙafa huɗu.

Ba ta kuma san tsaro ba. Tun 2019, lokacin da dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji, kowa ya san yankin bakin iyaka yana fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Hanyar da za a bi a can, da lokacin da za a bi ta, ƴan tasha da masu gari da jami'an tsaro ake tambaya. A kuma guji ɗaukar lambobi ko hoto kusa da sansanin soja da shingen jandarma, don kar a jawo wa kai tambayoyin da ba a shirya musu ba.

Abin da ya fi amfani ga direba shi ne sawu. Kowace GPS ta hannu, da yawancin manhajojin salula, suna iya zana hanyar da aka bi su ajiye ta. Ka shiga ƙauye sau ɗaya da ɗan jagora, ka ajiye sawun da sunan ƙauyen, ka sa alama a mararraba, a wurin da mota ke kafewa, a wurin mai faci. Bayan shekara ɗaya kana da taswirar da babu kamfanin da zai sayar maka da irinta. Motocin ɗaukar marasa lafiya na asibitocin gunduma da masu rarraba iri da taki su ne suka fi kowa cin ribar wannan.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa kan wuce digiri 40, bayan gilashin mota kuwa ya fi haka nesa. Salula ko na'urar da aka bari a nan za ta kashe kanta, batirinta ya kumbura. A sa ta inda iska ke bugawa, a cire ta idan an tsaya. Kuma a saita hanya kafin a tashi. Mai tuƙi yana latsa waya a kan RN1, tsakanin kamiyo da amalanke da ƴan kabu-kabu, yana wasa da rayukan mutane.

Idan ta hannu ce za a saya

Da yawa daga cikin na'urorin da ke yawo a kasuwannin Maradi da Kano sun riga sun yi aiki a wani wuri. Ba laifi ba ne, amma a gwada. A sa pil sabo a fita fili: in ta wuce minti goma sha biyar ba ta kama taurari ba, a mayar. A buɗe gidan batir a duba tsatsa ko farin gari. A danna kowane maɓalli, a duba robar gefe ko ta fara saɓulewa. A duba kwanan watan da take nunawa bayan ta kama taurari, domin a ranar 6 ga Afrilu 2019 ƙidayar makonni ta tsarin GPS ta cika ta koma sifiri, kuma wasu tsofaffin na'urori tun daga nan suke ba da kwanan wata na ƙarya. A tambayi inda ta fito, a karɓi rasit. Kayan furoje da na ma'aikatu sukan bi ta bayan gida su shigo kasuwa. Kuma ba dole kowa ya mallaki tasa ba. Ƙungiya ɗaya, na'ura ɗaya, matasa biyu da aka koya wa aiki da ita, da littafi mai bango mai ƙarfi, sun ishi ƙauyuka da dama.

Lamba ba takarda ba ce

Abu na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Mutum ya zagaya fili shi kaɗai da na'ura, ya rubuta lambobi, wannan bai mai da filin nasa ba. GPS tana faɗin inda ƙafarka ta taka, ba ta san gonar wa ka taka ba. Lambobi suna samun daraja ne idan an ɗauke su a gaban maƙwabta na kowane gefe, da mai gari, da wakilin makiyaya in filin na kusa da burtali ko mashaya, sannan Kofo ta shigar da su cikin takardar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro ko ta jingina. A tuna kuma da mata da marayu da ƴan'uwan da suka tafi ci-rani, waɗanda ke da haƙƙi a gona amma ba lalle su kasance a wurin ranar awo ba. Na'urar da aka kawo don kashe rigima tana iya zama makamin ƙwace idan mai wayo ya riga kowa zuwa da ita.

Da rani, kafin ruwan farko ya sauka a fara shuka, shi ne lokacin da ya dace ƙungiyoyi su je ofishin Kofo na gundumarsu, su tambayi tsarin da ake bi, su ga irin na'urar da ma'aikatan ke aiki da ita, kafin su kai kuɗinsu kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya.